Yadda Majanyin Inna Ya Zauna a Turai

Zangonmu na farko a Turai wani ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, a gidan wani mutumin Ikara da kowa ke kira Dakta. Tagar ɗakin a can sama take, daidai da titi, abin da nake hange ta cikinta ƙafafun mutane ne da na karnukansu. Nan muka sauke kaya, ni da maigidana da yaronmu wanda ko zama bai fara ba. Maigidana karatu ya kawo shi, jami'ar garin ce ta ɗauke shi ya yi bincike a kan cutar da ke cin rake. Ni kuwa biyo shi na yi, 'yar Gubuchi da aure ya kai Taba, wadda ba ta taɓa wuce Zariya ba, Zariyar ma asibiti ne ya kai ni.

A cikin kayan da na zo da su akwai abu guda wanda ba nawa ba, wato majanyin Inna. Inna ita ce mahaifiyar maigidana. A farkon aurenta haihuwa take yi suna komawa tun ba su yi haƙori ba. Da ta samu cikin maigidana sai ta ɗebo auduga a gonar mahaifinta, ta gurje, ta shiɓa, ta kaɗa zare, ta kai rabi marina aka rina mata baƙi, ta kafa masaƙa a jikin bango ta saƙa majanyi da hannunta. Da shi ta ɗaure goyonsa, ya kuma rayu. Tun daga nan duk jaririn da aka haifa a gidan da shi ake ɗaure masa goyo. Inna takan ce Allah ne mai rayawa, zane ai zane ne, amma ban taɓa ganin ta bar shi ya kwana a igiyar shanya ba. Da za ta ba ni, ba ta sake shi nan da nan ba, sai da ta ce, "Aro na ba ki, Rukayya. Ladi na tafe." Ladi ce autarta, ba a daɗe da kai ta ɗakin miji ba. Na gane maganar: kafin Ladi ta haihu, majanyi ya dawo gida.

Dakta Sabi'u mutum ne mai zaƙin baki. Gaisuwarsa doguwa ce irin ta gida, sai ya tambayi Taba, ya tambayi Gubuchi, ya tambayi damina, alhali ya fi shekara goma bai ga damina ba. Ƙanwata yake ce mini. Matarsa, Anti Balki, ita ta koya mini kunna injin wanki, daga nan kuma wankin gidan gaba ɗaya ya zama nawa. Ta koya mini murhun lantarki, girkin ma ya dawo kaina. Idan na ɗan zauna sai ta ce, "Amaryar ƙauye, nan ba a zama, zama sai a Gubuchi." Ni dai dariya nake yi, don a gidansu muke.

Garin ba a gaisuwa. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da na durƙusa zan gaishe ta a bakin ƙofa, sai ta saki jakarta ta rugo ta kama kafaɗata, ta ɗauka faɗuwa zan yi. Kullum da yamma sai in ji hancina yana neman ƙamshin mazarƙwaila idan ana dafa ta a bakin gonakin rake, ba abin da nake shaƙa sai warin rigar sanyi da ta jiƙe. Kuma ga tsoro. Ina tsoron injin ɗumama ɗaki kada ya shaƙe yaron, ina tsoron in kashe shi sanyi ya kama shi. Sau da yawa nakan sa yatsa a hancinsa in ji ko yana numfashi. Idan na ɗaure shi da majanyin ne kaɗai zuciyata ke kwanciya.

Dakta ne ya samo mini aikin shara da goge-goge a wani gida na jami'ar, inda ake ajiye zane-zane da sassaƙe-sassaƙe da kayan mutanen duniya. Miziyam suke ce masa. Idan zan tafi, Anti Balki ke riƙe mini yaron, ita kuma take fara taɓa albashin kafin ya iso hannuna, wai ladan raino.

Saman gidan na baƙi ne masu zuwa kallo. Ƙasan kuwa ɗakuna ne masu sanyi, ba taga, cike da kantoci da durowoyi. A lokacin wani babban aiki suke yi, suna fito da kayan ɗaya bayan ɗaya suna ɗaukar hotonsu, suna zubawa a kwamfuta, don duk wanda ke da waya a duniya ya iya gani. Dakta shi ne mai ba su shawara a kan kayan ƙasashenmu. Ranar da na fara shiga ɓangaren, sai da na tsaya da tsintsiya a hannu. Ga ƙwarya irin wadda muke dama fura, ga muciya, ga faifai da ɓera ya ci gefensa, kowanne da 'yar lamba a rataye, an kwantar da shi a kan farar katifa kamar mara lafiya. Ba mai taɓa su sai da safar hannu. Ni an gaya mini sharar ƙasa ce tawa, ta kan kantoci ba tawa ba ce, ko ƙura na gani a kai in bar ta.

Mai ɗaukar hoton wata yarinya ce ɗaliba, Mina, ita ma baƙuwa ce a ƙasar. Ina son kallon aikinta idan ina goge ƙofa. Sai ta shimfiɗa takarda mai ruwan toka, ta ɗora abu, ta ajiye wani ɗan kati mai launi-launi a gefensa, ta kunna fitilu biyu manya, kyamara na sama tana kallon ƙasa. Tana dannawa sai abin ya fito a kwamfuta. Daga nan ta cike bayaninsa: mene ne, daga ina, da me aka yi, wa ya yi. Wata rana ta kira ni da hannu ta nuna mini muciyar, ta yi ta jawo hoton har na ga tsohon tuwo a cikin tsagar icen. Muka yi dariya tare. Ita ce ta fara ba ni shayi a ƙasar ba tare da ta sa ni wani aiki ba.

Abin ya faru ranar da Anti Balki ta tashi da fushi ta ce yau ba za ta yi raino ba, ita ba kakar kowa ba ce. Maigidana yana da jarrabawa. Sai na goya yaron, na ɗaura majanyin a sama, na rufa da babbar rigar sanyi, na tafi aiki ina addu'ar kada ya yi kuka. Bai yi ba. Amma zafi ya dame ni a matattakala na cire rigar, sai ga shugabar gidan tana saukowa tare da Dakta. Doguwar Baturiya ce mai furfura, Madam muke ce mata. Na zaci korata za ta yi. Sai ta zagaya bayana ta tsaya. Ba yaron take kallo ba, majanyin take kallo. Ta sa tabarau, ta sunkuya, ta yi ta magana da sauri. Dakta ya ce mini cewa take yi ba ta taɓa ganin saƙar mace mai kyau irin wannan ba, duk abin da ke durowoyinsu bai kama ƙafarsa ba.

To, mu a gida idan babba ya yaba abin da ke jikinka, akwai abin da ake faɗa. Kowa ya sani, yaro ma ya sani. Na rusuna na ce, "Ai naki ne, ranki ya daɗe." Ita kuma abin da ya kamata ta ce shi ne a'a, a jikinki ya fi kyau, Allah ya sa ki kashe da kanki, sai kowa ya kama gabansa. Haka na yi da 'yan kunnena sau ba adadi a gidajen biki, ba wanda ya taɓa cire mini su.

Dakta ya dube ni. Har yau ina ganin kallon nan, don ya san abin da nake nufi sarai, a Ikara aka haife shi. Sai ya juya ya yi mata Turanci. Madam ta dafe ƙirji da hannu biyu, idonta ya kawo ruwa, ta rungume ni har da yaron. Na ce Dakta me ka gaya mata? Ya yi murmushi, haƙoransa a waje saboda ita, murya kuma ƙasa-ƙasa saboda ni, ya ce, "Abin da kika faɗa, ƙanwata. Hoto kawai za su ɗauka. Kin riga kin furta, kada ki ba mu kunya a gaban Bature."

Ban san yadda ake ƙwace magana bayan ta fita ba. A ofishin Madam na kwance majanyin, yaron ya farka ya fara kuka. Aka miƙo mini wani allon gilashi na zana sunana da yatsa, yadda nake yi kullum idan na shigo aiki. Kashegari Madam ta kawo mini tukuici, wata jakar goyo ta kanti mai igiyoyi da maɓallai, wadda ake rataya yaro a ƙirji ƙafafunsa suna lilo.

Da na tambayi Mina ina majanyin, sai ta kai ni wani ɗaki ta nuna mini firji. Yana ciki, a naɗe cikin leda, ƙanƙara ta yi masa fari. Wai haka suke yi wa duk tufar da ta shigo, don ƙwari su mutu. Abin da Inna ba ta bari raɓa ta taɓa shi ne a cikin ƙanƙara. Na riƙe murfin firjin har yatsuna suka daina ji.

Ranar ɗaukar hotonsa aka kira ni. An shimfiɗa shi a kan takardar toka, an sa masa lamba a gefe da farin zare. A kwamfuta na ga kowane zare kamar igiyar guga. Na ga inda Inna ta yi ɗinki, na ga tabon nonon da ya zuba mini a jirgi. Mina tana tambaya, Dakta yana fassarawa. Daga ina? Na ce Taba, ƙasar Kudan. Da me aka yi? Na ce auduga da baban rini. Wa ya saƙa? Na ce Inna. Mina ta ce sunanta fa, cikakke?

Na sunkuyar da kai. Ba a faɗa. Mace ba ta kama sunan uwar mijinta, ko a ɗaki ita kaɗai. Ƙanwar babana ma da ke da irin sunan, tun da na yi aure na koma ce mata Gwaggo kawai. Dakta ya san wannan ma. Ya jira kaɗan, sannan ya ce wa Mina wani abu gajere, ta rubuta. Daga baya na ji abin da ya ce: ba ta sani ba. Haka aka saka a ƙarƙashin hoton, ba a san wanda ya saƙa ba. A ƙasan wannan kuma aka rubuta cewa ta hannun Dakta Sabi'u aka samo shi.

Maigidana bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ni na buɗe baki, ba wanda ya sa ni. Ya ce Dakta ne ya tsaya mana a wurin masauki, kuma abokin malamin da ke duba bincikensa ne, in tayar da magana yanzu karatun da ya sha wahala a kansa ne zai tafi. Ya ce idan mun koma zai nemi irinsa a kasuwar Zariya. Na ce Inna za ta gane ko da ido a rufe. Ya ce to kada in kuskura in gaya mata, shi zai san yadda zai yi. Bai san yadda zai yi ba, littafinsa kawai ya buɗe.

Da sanyi ya tsananta yaron ya kamu da tari. Likita ta ce ba komai ba ne, duk yaran garin suna yi. Ni kuwa abin da ke yawo a kaina 'ya'yan Inna ne da suka koma. Na je wurin Madam da ɗan Turancin da na tsinta, na roƙe ta ta ba ni majanyin in goya shi ko na yini ɗaya, zan dawo da shi. Ta kama hannuna, ta ce ta fahimta ƙwarai, kuma ƙofarsu a buɗe take gare ni. Abin da take nufi shi ne ta sa mini rana in zo in gan shi. Na zo da yaron yana tari a ƙirjina. Aka jawo durowa, aka ba ni safar hannu. Yaron ya gane abinsa, ya miƙa hannu yana zillo. Ma'aikacin da ke tsaye a kanmu ya tare da hannunsa, ya ce in ɗan ja baya da shi saboda yawu.

A hanyar komawa na yi kuka a cikin bas. Wani dattijo baƙar fata da ban san ƙasarsa ba ya tashi ya ba ni wurin zama, ya cire mayafin wuyansa ya naɗa wa yaron, ya sauka a tasha ta gaba. Yaron ya warke, alhamdu lillahi. Mayafin yana nan a akwatina.

Zango na biyu gidan ɗalibai ne, hawa na sama, inda muka koma bayan Anti Balki ta ce ɗakin ƙasa wani baƙo zai shiga. A nan taga tana kallon sama, ba kowa sai hankaki. A nan kuma waya ta same mu cewa Ladi tana da ciki. Aka ba Inna wayar, muka gaisa, ta tambayi maigidanta, haka take kiran jikan nata, ta ce in gaya masa ta gaji da jiran cefane. Sannan ta ce, majanyin yana lafiya? Na ce yana nan a ajiye, Inna. Ta ce madalla, kada in riƙa wanke shi da sabulun Turawa.

Mina ce ta lura na rame. Wata rana ta zaunar da ni a bayan kantoci, ta fito da wayarta mai fassara, tana magana wayar tana maimaitawa da wata irin Hausa mai tsalle-tsalle. Na gaya mata komai. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce ba hoto kawai aka ɗauka ba, abin da na zana a gilashin nan kyauta ce ta har abada. Amma akwai ƙofa guda. Idan mai abin tana raye, kuma ba da yardarta aka bayar ba, kwamitin gidan zai saurare ni. Sai dai ba za su saurari maganar wata Inna da ba ta da suna ba. Dole in faɗi ko wace ce, da bakina, tunda ni na bayar, kuma za su naɗi muryata ta zama shaida.

Na kwana biyu ina jujjuya abin. Na roƙi maigidana shi ya faɗa, ai shi ɗa ne, nasa da sauƙi. Ya ce zai raka ni ya yi mini fassara, tunda na ce ba na son Dakta, amma ba zai sa bakinsa a ƙarar abokin malaminsa ba. Na auna kunya, na auna cikin Ladi. Na ga kunyar a cikin ɗaki ɗaya za ta tsaya, a gaban Turawan da ba su san nauyinta ba, a wata ƙasa da ba wanda ya san ni.

Ɗakin kwamitin dogon tebur ne, da ruwa a kofuna, da wata 'yar na'ura a tsakiya mai jan haske. Madam tana nan, da wasu mutum uku. Na ba da labarin tun daga audugar. Suna saurare, wata ma tana share ido. Da na zo ƙarshe sai wani mai gemu ya ce, to mene ne sunanta?

Maigidana yana gefena yana kallon takalminsa. Na faɗa. Mai gemu ya ce bai ji ba, in ɗaga murya. Na sake faɗa. Madam ta ce don Allah sau ɗaya kuma, a hankali, don su rubuta daidai. Na faɗa a hankali, gaɓa-gaɓa, da sunan mahaifinta, tsirara, ba Inna ba Hajiya. Suka yi mini godiya. A bas maigidana ya wuce kujerar da ke kusa da ni ya zauna a can baya.

Amsar ta zo bayan an daɗe. Madam ce ta kira ni da kanta, fuskarta cike da fara'a, Mina tana tsaye da wayar fassara, ita ba ta kallona. Wai sun yi matuƙar baƙin ciki da rashin fahimtar da aka samu. Wai abin da ya riga ya shiga taskar jami'a ba su da ikon fitar da shi, sai maganar ta hau sama, ta je wata majalisa, abu ne na shekaru, amma sun buɗe masa hanya. Sai dai akwai albishir. Sun gyara bayanin. Madam ta juyo mini da kwamfutar. Ga majanyin, ga sunan Inna a ƙasansa da manyan baƙaƙe. Ta ce a duk tufafin ƙasashenmu da suke da su, wannan ne kaɗai aka san macen da ta saƙa shi, abin alfahari ne. A gefen sunan akwai wata 'yar alama. Ta danna. Sai na ji muryata ta cika ofishin, sau uku, na ƙarshen a hankali, har da inda ake ce mini in ɗaga murya, in faɗa a hankali.

Na ce su cire. Madam ta yi mamaki, ta ce ai wannan girmamawa ce, muryar iyali ce, kuma na amince a naɗa. Ta ce za su duba. Kafin su duba Dakta ya riga ya tura shi zauren waya na 'yan yankinmu, ya rubuta a sama cewa uwarmu ta Taba ta shiga tarihin duniya, shi kuma yana godiya ga Allah da ya sa ta hannunsa abin ya biyo. Daga Ikara ya shiga Makarfi, daga Makarfi ya shiga Kudan. Kafin la'asar yayata ta kira daga Gubuchi, ba ko gaisuwa, ta ce, "Rukayya, ke ce kuwa? Ko Turawa sun ba ki wani abu kin sha?"

Maigidana ya ce gara in riga shi komawa da yaron, shi sai ya gama. Ranar da na yi sallama da aiki Mina ta ba ni wata doguwar takarda a naɗe cikin kwali. Hoton majanyin ne, ta buga shi daidai girmansa, da kuɗinta. Ta rungume ni tana ba ni haƙuri da harshenta. Ba ni da abin da zan ba ta, na ba ta 'yan kunnena, na kuma tabbatar ta karɓa.

Na iso Taba bayan suna da 'yan kwanaki. Ladi tana gida wankan jego, ta haifi namiji, ɗan ƙarami, an ɗaure masa goyo da tawul mai hoton fure da aka sayo a kasuwar Makarfi. Matan gidan suka tarbe ni, aka karɓi yaron, aka kawo ruwa. Ban gama sha ba matar wan maigidana ta ce, "Sannu da zuwa, Baturiya. Wai wa kika ce ya saƙa? Ba mu ji ba, ɗaga murya." Aka kwashe da dariya. Wata ta ce a hankali dai, don a rubuta daidai. Har yadda na ja gaɓar ƙarshe sun iya.

Inna tana ɗakinta a kan tabarma. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta, ta amsa duka, gajiya, hanya, sanyi, maigida. Na matsa na warware takardar Mina a gabanta, don ban san abin da zan yi da hannuna ba. Ta daɗe tana kallo. Ta sa tafin hannu ta shafa, ta ji santsi. Ta bi da yatsa har inda ta yi ɗinki, ta ce wannan shekarar da aka yi ƙyanda ne, ƙaya ta kama shi a hanyar asibiti. Ta tambaye ni ko gaskiya ne a ƙanƙara suka sa shi. Na ce an fitar da shi, yanzu yana durowa. Ta ce, shi kaɗai? Na ce da lambarsa.

Daga tsakar gida jaririn Ladi ya yi wani ɗan tari, mu biyu muka juya a tare, muka saurara har ya yi shiru. Sannan Inna ta naɗe takardar a hankali ta miƙo mini. Ta jawo wayar Ladi daga ƙarƙashin filo, an riga an koya mata inda ake dannawa. Ta danna, muka saurara tare, sau ukun, ina durƙushe. Da ya ƙare ta ajiye wayar, ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Zanen dai aro na ba ki. Sunan kuwa ko aronsa ban ba ki ba."

Jaririn Ladi yana nan, yana rarrafe yanzu, amma duk tarin da ya yi idon gidan a kaina yake sauka. Maganar majalisar jami'a shiru har yau. Majanyin yana durowarsa, hotonsa yana wayar kowa, da muryata a gefe. Inna ba ta taɓa zagina ba, ba ta hana ni tuwo ba, tana wasa da jikanta kamar da. Sai dai tun daga ranar ba ta ƙara kiran sunana ba. Idan tana nemana sai ta ce wa duk wanda ke kusa, a kira mini waccan.